Sallar Gani: Makon da Karkara ke Tarewa a Birnin Daura

A shekarar 1906 Turawan mulkin mallaka suka yi wani abu a Daura wanda ba su yi a Kano ko Katsina ko Zazzau ba. Suka ɗauko Malam Musa daga Zango, jinin gidan sarautar da jihadi ya fitar daga birnin wajen 1805 a zamanin Sarkin Gwari Abdu, suka zaunar da shi a gadon kakanninsa. Shekara ɗari gidan ya yi yana gudun hijira, amma bai yar da kayansa a hanya ba. Ya dawo da tamburansa, da tsarin fadarsa mai Magajiya da Kaura da Galadima, da bukukuwansa. Ɗansa Abdurrahman ya hau a 1911 ya yi shekara 55 a kan karaga, Muhammadu Bashar ya gaje shi a 1966, sannan Umar Faruk Umar a 2007. A duk tsawon wannan zamani, idan watan Rabi'ul Awwal ya kama, Daura tana da wata salla ta uku bayan ƙarama da babba, wato Sallar Gani.

Abin da aka fi sani game da ita shi ne hawa. Dawakai da lifidi, kakaki da algaita, sarki a ƙarƙashin laima. Shi ake ɗauka a hoto, shi ake nunawa a talabijin. Amma hawa 'yan sa'o'i ne. Abin da ya cinye sauran kwanakin, wanda ba kasafai ake rubuta shi ba, shi ne yadda dubban mutanen karkara ke barin gidajensu da mata da yara, su tare a birni, su ci daga akushi ɗaya, su kwana a tabarma ɗaya, su raba dare tsakanin yabon Annabi da kiɗa.

Ɗauki ƙasar Dutsi. Tana tsakanin Katsina da Daura, a siyasar yau tana cikin shiyyar Daura ta sanata, kuma ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 120,000, galibinsu manoma da makiyaya. Babban birnin da ya fi kusa da su Daura ne. Kafin kwalta ta ratsa Shargalle, zuwa Daura tafiyar wuni ce a ƙasa ko a kan jaki. Wanda ya yi sammako ya isa da la'asar ba zai juya a daren ba, balle yana tare da tsohuwa da goyo. Nisan hanya shi ya mayar da kallon hawa ya zama zaman kwanaki.

Ba wanda ke tahowa da tanti, kuma ba wanda ke biyan kuɗin ɗaki. Tsarin da ya ɗauke wannan nauyi shi ne masauki. Baƙauye yana da gidan da ya saba sauka a birni: ko gidan da aka kai 'yar uwarsa aure, ko gidan malamin da ya karantar da ɗansa, ko gidan fatoman da yake sayar masa da dabba, ko gidan hakimin ƙasarsu, tun da hakimai kan riƙe gida a birnin sarki. Sau da yawa gadon wannan alaƙa ake yi, uba ya sauka a gidan uba, ɗa ya sauka a gidan ɗa. Maza su cika zaure, mata su shige cikin gida, idan wuri ya ƙure a kafa rumfar zana a ƙofar gida, a kafa turke a gefe don dabbobi. Baƙo kuwa ba ya zuwa hannu rabbana. Damin gero, kaji, man shanu, daddawa, ƙwaryar nono, duk abin da gona da garke suka bayar. Tukunya ɗaya ake ɗorawa, matar gida da baƙuwa su yi daka tare. Hausawa sun ce baƙonka Annabinka, kuma a watan haihuwar Annabi maganar tana ƙara nauyi.

Ita kanta Gani ta haɗa abubuwa biyu. Ɗaya na fada ne, mai jiɓi da labarin kafuwar gari: Bayajida, rijiyar Kusugu, macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da Daurama da ta aure shi. Baƙi kan bi layi su leƙa rijiyar su sha ruwanta. Ɗayan kuma Maulidi ne. Masu nazarin tarihi da dama na ganin bikin fadar ya girmi haɗuwarsa da Maulidi, daga baya aka ɗaure su a wata ɗaya. Abin da ke ƙarfafa wannan ra'ayi shi ne inda ake samun irinsa. Gumel tana yin Sallar Gani, kuma sarautarta ta Mangawa ce mai tushe a Barno. A ƙasar Bargu, musamman Nikki ta Jamhuriyar Benin, Gani ce babban bikin shekara, da mahaya da kakaki, a wannan wata dai. A arewacin Ghana Dagwamba suna yin Damba a Yendi da Tamale a lokaci guda. Duka wurare ne da tsofaffin gidajen sarauta suka ci gaba da mulki, kuma duka suna kan hanyoyin fatake. A ganina wannan ba katari ba ne.

Dare shi ne zuciyar zaman. Tun daga ganin wata malamai ke buɗe Ishiriniya a masallatai da zaurukan makarantu. Waƙar yabon Annabi ce ta Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a Marrakesh a 1230, ya tsara ta bisa haruffan Larabci, kowane harafi da baiti ashirin, kuma da tahamisin Ibnu Mahib aka fi karanta ta a ƙasar Hausa. Mai ja ya ja baki, jama'a su amsa, malam ya fassara. A daren sha biyu ake kwanan zaune. Inda 'yan Ƙadiriyya suke, bandiri ya ɗauka, sahu ya miƙe ana rangaji har sai zufa ta jiƙa riga. Inda Tijanawa suke, zikiri da bege ne har asuba. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe allo ba ta haddace amshin, saboda shekara da shekaru tana jin sa ta bayan katanga.

Lungu biyu ko uku daga nan kuma wata duniyar ce. 'Yan mata sun kafa da'irar gaɗa a dandali, mai kalangu yana zuga, samari sun sha ado suna zagaye, masu tsire da masu alewa sun kunna fitilu. Yarinyar da ta zo daga ƙauyen Dutsi ta koyi waƙar da ba a yi a garinsu, ta koma da ita. Aure nawa aka ƙulla daga irin wannan kallo, Allah kaɗai ya sani. Iyaye na sane, shi ya sa ake ɗinka wa budurwa sabon zane kafin tafiya.

Wannan haɗi na ibada da shagali shi ne abin da malamai suka daɗe suna ja a kai. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki cakuɗuwar maza da mata a tarurruka cikin rubuce-rubucensa. Bayan kafa Izala a Jos a 1978 sai jayayyar ta koma kan Maulidin kansa, ko yana da asali ko bidi'a ne, kuma ta raba kan gidaje da yawa a Katsina da Daura. Akwai magidancin da kakansa bai taɓa fashin kwanan zaune ba, shi kuwa ba ya barin iyalinsa su leƙa. Masu kare Maulidi kan kafa hujja da Sarki Muzaffar na Irbil, surukin Salahuddin, wanda ya rasu a 1233. Ibnu Khallikan, haifaffen garin, ya bayyana yadda mutane ke tahowa daga Bagadaza da Mosul da Nasibin tun watanni kafin ranar, ana kafa rumfunan katako masu hawa-hawa kusan ashirin, mawaƙa a cikinsu, sufaye suna raba dare da sama'i, ana yanka raƙuma da shanu da tumaki don ciyar da baƙi. Duk wanda ya karanta wannan bayani ya san cewa tun farkon al'amarin, Maulidi zango ne na jama'a, da abincinsa da kiɗansa da masu sukarsa.

Akwai wani abu da ke juya yanayin Gani wanda sarki ko malami ba su da iko da shi. Shekarar Musulunci tana gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka bikin yana zagaya damina da kaka da hunturu da bazara cikin kimanin shekara 33. A 2015 Maulidi sau biyu ya faɗo, farkon Janairu da ƙarshen Disamba, cikin sanyi, rumbuna cike, aikin gona ya ƙare. Irin wannan shekara ce ake tahowa gida guda a yi zaman mako. A 2024 ya faɗo tsakiyar Satumba, gero ya nuna, tsuntsaye na jira. Manomin Dutsi ba zai bar gonarsa a lokacin ba, sai dai ya tura yara. Idan kuma ya zo a tsakiyar damina, lokacin da hatsin bara ya ƙare na bana bai iso ba, mai masauki da baƙo duk sai sun yi lissafi. Tsofaffin da ke cewa Gani ta da ta fi ta yanzu armashi, wani lokaci kakar da ta faɗo suke tunawa ba su sani ba.

Amma akwai canji na gaske, kuma mota ce ta kawo shi fiye da wa'azi. Yau daga Dutsi zuwa Daura bai kai sa'a ɗaya ba. Saurayi ya hau babur da hantsi, ya kalli hawa, ya ɗauka a waya, ya yi sallar magariba a gida. Taron hawa ya ƙaru, masu kwana sun ragu. Matsin tattalin arziki ya sa saukar da mutum ashirin kwana biyar ya zama abin da sai mai hali, matsalar tsaro a jihar ta sa mutane suna ɗari-ɗari da taron dare, kuma a 2020 annobar korona ta sa an dakatar da hawan salla a masarautun arewa. Da UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, doki da mahayi aka karrama. Matar da ta tuƙa tuwon baƙi arba'in ba ta shiga lissafi ba.

Zaman kwanakin bai mutu ba, wuri ya sauya. Ɗariƙu ne suka gaje shi. Maukibin Ƙadiriyya da Shehu Nasiru Kabara ya assasa a Kano a shekarun 1950 yana jan muridai daga garuruwa masu nisa, su sauka a zawiyoyi da makarantu. Maulidin Shehu Ibrahim Inyass, wanda aka haifa a 1900 ya rasu a 1975, ana yin sa a watan Rajab, ana zagayawa da shi daga wannan birni zuwa wancan, kuma mota-mota ake tashi daga ƙauyuka da tabarmi da tukwane da buhunan garin kwaki, a kwana a harabar firamare ko filin idi. A Nijar, garin Kiyota na Shehu Abubakar Hashim yana cika maƙil a daren Maulidi. Masu ƙarfin hali kuma sukan yi adashe shekara guda, su hau doguwar mota su ratsa Nijar da Burkina Faso da Mali, kwana da kwanaki ana zikiri a hanya, har Madina Baye a Kaulaha ta ƙasar Senegal.