Abin da Baƙo Ke Shukawa: Lambun Gida a Zangon Lome

A Hausar fatake, zango shi ne inda ayari ke sauke kaya ya kwana, a shayar da jakuna, gari na wayewa a yi gaba. Ba a haƙa rijiya a zango, ba a kuma dasa itace. Duk da haka wannan kalma ce ta zama sunan unguwannin da aka haifi 'ya'ya da jikoki a cikinsu, daga Kumasi har Lome, inda bakin mutanen gaɓar teku ya mayar da ita Zongo. Mai son sanin yadda masauki ya rikiɗe ya zama gida, sai ya leƙa bayan madafa, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, ya ga abin da aka shuka.

Goro ne ya fara jawo Hausawa wannan yanki. A ƙarni na 19 ayarin Kano da Sakkwato na bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake suka bazu, wasu suka zauna a Kete-Karaci, wasu suka gangara bakin teku. Jamusawa, waɗanda suka kafa ikonsu a Togo tun 1884, sun mayar da Lome hedikwata a 1897, suka gina gadar sauke kayan jiragen ruwa a 1904, jirgin ƙasa kuma ya kai daf da Atakpame a 1911. Ciniki ya karkato nan, Zango ya cika da masu goro da masu shanu.

Ginshiƙin wannan ciniki shi ne mai gida, wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ba da bashi. Masanin nan Bafaranshe, Michel Agier, ya bayyana tsarin a littafinsa na 1983 a kan 'yan kasuwar Zangon Lome. Sai dai akwai ɓangaren aikin da ba ya shiga lissafin dillali. Mutumin da ya yi makonni a hanya da garken shanu, abin da yake jira bayan sallar magariba shi ne tuwo da miyar da harshensa ya sani. Mutuncin mai gida yana cikin akushin da ke fitowa zaure, akushin kuwa a hannun matan gida yake.

A nan matsalar take. Tsohon garin Lome yana zaune ne a kan rairayi, tsakanin teku da tafkin da ke arewa da shi. Ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce na Kano da wani abin kirki ba, amma ya rabu damina biyu, babba da ƙarama, iska kuma kullum da laima. Gero da dawa ba ƙasarsu ba ce, don haka tuwo ya koma na masara. Shanya ma, wadda ita ce dabarar uwargida a Katsina ko Maraɗi, ba ta cika yin kyau ba, domin kuɓewar da za ta bushe ƙayau a hunturun arewa tana iya yin fumfuna a bakin teku.

Sai miya ta rabu gida biyu. Abin da ke jure tafiya, kamar kuka da daddawa da kanwa da busasshiyar kuɓewa, yana zuwa a buhu tare da fatake, daga baya kuma albasar Galmi ta biyo motoci daga Nijar. Ɗanyen ganye kuwa dole a same shi kusa, ko a kasuwa ko a tsakar gida. A wannan fanni baƙi sun tarar maƙwabtansu Ewe ba su yi musu nisa ba. Ganyen da Ewe ke kira ademe shi ne lalo, wanda Hausawan zangunan Gana suka fi sani da ayoyo. Fetri ita ce kuɓewa. Gboma kuwa ganyen wani nau'in gauta ne. Bambancin yana cikin tukunya: can manja da kyafaffen kifi da ƙaguwa, nan daddawa da nama da ɗan kanwa don miya ta yi yauƙi. Musayar ba ta tsaya a gefe guda ba. Shinkafa da waken da ake sayarwa da safe a biranen gaɓar tekun Gana da sunan waakye, sunan nata daga wake ya fito.

Abin da ya fi jan hankali shi ne irin shukar da ta dace da irin wannan zama. Alayyafo yana isa tsinka cikin wata guda. Lalo bai fi haka da yawa ba. Kuɓewa tana fara 'ya'ya wajen wata biyu. Kabewa ba ta neman fili, danga ko rufin kwano ya ishe ta, ga miyar taushe ta samu. Zogale reshe kawai ake sokawa a ƙasa ya kama, kafin shekara an yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Barkono kuwa ko a fasasshen bokiti yana yi. Duka waɗannan shuka ce ta mai gaggawa. Kuka da ɗorawa, masu son shekaru kafin a ci moriyarsu, sai wanda ya tabbata jikansa zai gaji wurin.

Mutanen Zango ba su da wannan tabbaci, kuma tarihi ya nuna ba tsoron banza suke yi ba. Ƙasar Lome ta dangogin Be da Amutibe ce tun asali, baƙo aro yake yi. Tun zamanin Turawa an matsar da Zango fiye da sau ɗaya, kullum zuwa gefen gari, kullum kuma gari ya sake cim masa. A 1977, zamanin Janar Eyadema, gwamnati ta rushe unguwar, wadda a lokacin ta riga ta koma tsakiyar birni, ta kwashe mutanenta zuwa wani wuri mai nisan kimanin kilomita 15 a arewa, bayan Agoe. Inda gidajensu suke, manyan gine-ginen bankuna suka tashi. Ana iya ɗaukar kwanon rufi da ƙyaure a mota, ana iya ƙulle irin kuɓewa a bakin zane, amma itacen da ya yi saiwa sai dai a bar shi.

Tashin ya yi wa ciniki illa, domin ya raba mutane da Asigame, babbar kasuwar da suke zuwa da ƙafa. Ta fuskar shuka kuwa lamarin ya sha bamban. Arewacin tafki jar ƙasa ce mai riƙe ruwa, ba rairayi ba, sabon wurin kuma yana daf da kwarin kogin Zio, wanda ke da dausayi irin na fadama, ko da yake yakan yi ambaliya ya shiga gidaje idan damina ta yi ƙarfi. Yau birni ya sake kewaye unguwar, filin tsakar gida yana ƙara tsukewa saboda ɗakunan haya. Babbar hanyar da ta taso daga Sinkase, a iyakar Burkina Faso, ta gefenta take wucewa, kuma ta nan buhunan albasa da kuka ke shigowa Lome.