Wasiƙar Fataken Goro a Agege

Tun kafin zuwan boko Bahaushe yana da ƙa'idar rubuta wasiƙa. A shekarar 1877 Alhaji Umaru Salaga, haifaffen Kano, ya wallafa littafin koyar da ita cikin Larabci. Bayan layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, fataken goro na Agege sun ci moriyar wannan gado wajen aika saƙo Arewa. Malamin da ke rubutawa kan fara da bisimilla, ya ambaci mai saƙo da wanda aka aika wa, ya taƙaita gaisuwa, sannan ya fayyace adadin huhun goro da kuɗinsa, ya rufe da haza wasalam. Dalili kuwa, cinikin na bashi ne, kuma kalma guda mai harshen damo ta isa ta karya jari, ta ɓata amana.