Filasko, Sarkin Musulmi Bello da Tsohon da Ke Kwance a Gidanku

Mai karatu, ko ka san Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mulki Sakkwato daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubutu kan likitanci? Ya rubuta littafi kan basir, da wani kan ganyen sana, wato filasko, maganin taurin bayan gida. Har yau filasko na cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Sinadarinsa na motsa babban hanji, ya yi aiki cikin awa 6 zuwa 12.

Tun zamanin Bello, jinyar tsofaffi a gida ake yin ta, a hannun 'ya'ya da surukai. To, ga inda ake kuskure. Tsoho ya fara jiƙa shimfiɗa, sai a rage masa ruwa, ga kuma zafin Sakkwato. Bayan gida ya bushe, ya toshe dubura, ya danne mafitsara, fitsarin ya ƙara kuɓucewa. Wani lokaci ruwa-ruwa ya zagaye toshiyar ya fito, a ɗauka zawo ne, a ba shi maganin tsayarwa. Abin ya ƙara dagulewa.

Saboda haka, kada ka hana Baba ruwa. Ba shi miyar kuka da zogale, ka zagaya da shi a lokuta tsayayyu. Filasko kuwa, yawansa na ƙarar da ruwan jiki, a tambayi likita tukuna. In ka ga jini, amai ko kumburin ciki, a kai shi asibiti.