Katsina ta Korau: Daga Yashe Zuwa Gindin Gobarau

Wanda ya taso daga Kano ya bi ta Bichi da Tsanyawa, da zarar ya iso Yashe ya taka ƙasar Katsina. Garin yana ƙaramar hukumar Kusada, a bakin babbar hanya, kuma yawancin matafiya ta tagar mota kawai suka san shi. Daga nan sai Kankiya, sai Charanchi, sai birni. Ba nisa da wannan hanya, a ƙasar Bindawa, akwai Dallaje, garin Malam Ummarun Dallaje, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ya ci Katsina wajen 1807, har sarakunan Haɓe suka ƙaura suka kafa Maraɗi.

'Yan yankin nan da suka yi karatu a Azhar, ko suka kai mara lafiya Alƙahira, sukan dawo da hotunan dalar Giza da masallacin Ibn Ɗulun, su yi ta ba da labari. Ba laifinsu ba ne, babbar dalar ta kai shekara 4,500 tana tsaye. Amma Katsina ma tana da kaburburan sarakunanta na kafin Musulunci, tana da hasumiyarta, kuma zumuncinta da Masar ɗin a rubuce yake.

Kaburburan suna Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, gabas da birni. Tuddai ne na ƙasa, waɗanda wanda bai sani ba zai ɗauka tsohon juji ne a tsakiyar gonaki. Labarin baka ya ce a nan aka binne sarakunan Durɓawa, zuriyar Kumayau. A 1907 Bature Palmer ya haƙa wasu daga ciki, a farkon sarautar Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 aka sake haƙa, daga baya aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka bincika su. An samu kayan ado na zinariya, da duwatsun wuya, da kayan tagulla, wasunsu daga hayin Sahara suka fito. Ke nan tun kafin a gina babban masallacin birni, fatake sun riga sun san hanyar wannan ƙasa.

Sarkin Durɓawa na ƙarshe shi ne Sanau. Muhammadu Korau, mutumin 'Yandoto, shi ya kayar da shi a kokawa ya hau gadon, in ji masu labari, kuma shi ake lissafawa a matsayin Musulmin farko a sarautar. Ga zamaninsa ake jingina ginin babban masallacin, wato Gobarau. Abin da ya rage na masallacin yau shi ne hasumiyar, tsayinta kusan mita 15, gindi mai faɗi, tana tsukewa hawa-hawa. Mai hawa sai ya riƙa dafa bango, don matakalar ƙunci gare ta, kuma tafin hannunsa zai ji kaushin yaɓe da tsinken ciyawar da aka kwaɓa ƙasar da ita. A zamanin da, daga sama ladani ke kiran salla, daga nan kuma ake hangen ƙurar mahara. Katsinawa suna da labarin gardamar alƙibla lokacin ginin, inda Malam Jodoma ya nuna da sandarsa mutane suka hango Ka'aba. Ko mutum ya yarda ko bai yarda ba, labarin ya nuna irin matsayin malami a garin.

Malaman ne kuwa suka ɗaure Katsina da Alƙahira. Shehu Jalaluddini Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya aiko wa sarakunan ƙasar Takruru wasiƙar nasiha, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim a ciki. Almaghili ya zauna a garin kusan lokacin. Muhammadu Attazakhti ya yi karatu a Masar, ya dawo ya zama alƙalin Katsina. Sai kuma tafiyar ta juya: Muhammadu Alfulani Alkashnawi, Bakatsine masanin lissafi da falaki, ya tafi aikin Hajji, ya rubuta littafi kan yadda ake jera lambobi a hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shehu Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A ganina wannan mutum ya fi cancanta ɗalibanmu na Azhar su nemi labarinsa a kan su hau raƙumin haya a Giza.

A cikin birni ana ziyartar hubbaren Wali Ɗan Marina da na Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Tsohuwar Kwalejin Katsina, da aka buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan tarihi ce.

Inda muka bambanta da Masar shi ne kayan gini. Su dutse suka sassaƙa a ƙasar da ba ta cika ganin ruwan sama ba, ko an yi watsi da shi yana nan. Namu tubali ne da azara, damina ɗaya mai ƙarfi ta isa ta zaftare kusurwa, sai magina sun koma sun yi yaɓe. Gobarau ta kawo yau ne domin an gyara ta a zamanin Dikko, aka kuma ci gaba da kula da ita. Ganuwa ba ta samu wannan gata ba. Bature Barth, da ya zo a 1851, ya ƙiyasta kewayenta ya haura mil 13. Yau guntaye ne suka rage, wani wuri an ɗebi ƙasar an yi gini, wani wuri gidaje sun hau kanta. Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri da sauransu suna nan da sunayensu, amma da yawa an sake su da siminti, kuma babu bangon da ya haɗa ɗaya da 'yar'uwarta.