Yadda Taron PyCon Ya Sake Jera Kwanakinsa

Shirin yau kan tarihin PyCon ne, wato taron shekara-shekara na masu rubuta manhaja da yaren Python a Amurka. Abin da za mu duba shi ne yadda jerin kwanakin taro ke tantance wanda zai samu halarta.

An fara taron a 2003 a birnin Washinton. A shekarun farko, a ranakun aiki ake gabatar da jawabai. Shi kuwa aikin gayya, inda ake zama rukuni-rukuni ana gyara manhajojin da kowa ke da damar sa hannu a cikinsu, kafin taron ake yin sa. To wa zai zo gayya tun ba a buɗe taro ba? Sai tsofaffin hannu da suka riga suka san juna.

A 2006 taron ya koma yankin Dalas a jihar Tekzas, tsarin kuma ya juya. Aka sa bita ranar Alhamis, jawabai daga Juma'a zuwa Lahadi, sannan gayya ta biyo baya har kwana huɗu. Daga baya ma aka mayar da bitar kwana biyu.

Ku lura da hikimar. Sabon shiga ya fara da koyo, don haka idan an zo jawabai ba zai zauna kamar baƙo a kasuwa ba. Ma'aikaci kuma hutun kwana ɗaya ya ishe shi ya ji jawaban duka. Kafin gayya ta zo, mutum ya riga ya gana da masu ayyukan, ya san teburin da zai nufa. Bita ana biyan kuɗinta daban, gayya kuwa kyauta ce.

Amma fa tsarin bai share wa kowa hawaye ba. Kowane ƙarin kwana kuɗin masauki ne da na abinci, ga neman izini a wurin aiki. Mai ƙaramin ƙarfi yakan kama hanyar gida tun ranar Lahadi, alhali a gayyar ce zai fi ƙaruwa.

Saboda haka 'yan'uwa masu shirya tarukan fasaha, kafin ku kama zaure, ku zauna ku lissafa: ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci kwana nawa za su iya? A kan wannan amsar ya kamata ku jera kwanakinku.