Zaɓen Ma'aunan Aiki a Tsarin Samarwa da Rarraba Kaya: Nazari kan Safarar Tumatir daga Kano zuwa Legas

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar ayyukan masana a kan ma'aunan da ake auna nagartar tsarin samarwa da rarraba kaya, sannan ta ɗora su a kan safarar tumatir daga Kano zuwa Legas. Ta gano cewa ma'aunin da ya fi sauƙin lissafi, wato kuɗin mota, shi ne ya fi ɓatar da mai yanke shawara idan aka dogara da shi kaɗai.

Bitar ayyukan da suka gabata

Kaplan da Norton (1992) sun nuna cewa alƙaluman kuɗi labarin abin da ya wuce suke bayarwa, don haka suka ce a haɗa su da ma'aunan gamsuwar mai saye da ingancin aikin cikin gida da ƙaruwar ilimin ma'aikata. Beamon (1999) ta kasa ma'aunan gida uku: abin da aka kashe, abin da aka samar, da iya sauya tsari idan yanayi ya sauya. Tsarin SCOR, wanda ya fito a 1996, ya kawo ma'aunin "cikakkiyar oda": kaya su iso a kan lokaci, a cike, babu lahani, takardu kuma daidai. Sharuɗɗan huɗu ninka su ake yi, ba a ɗaukar matsakaicinsu. Kamfanin da ya samu kashi 95 cikin 100 a kowane sharaɗi, idan kurakuran ba su da alaƙa da juna, cikakkiyar odarsa ba ta wuce kashi 81 da ɗoriya ba. Aikin da ya fi amfani ga wannan nazari shi ne na Fisher (1997), wanda ya ce yanayin haja ne ya kamata ya tantance irin tsarin da za a gina mata.

Tattaunawa

Tumatir da aka yi lodinsa a kasuwar Kwanar Gafan ta Kano sai ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 kafin ya sauka a kasuwar Mile 12 ta Legas. Mai mota ribarsa tana ga yawan kayan da ya ɗauka a sawu ɗaya, dillali kuma la'adarsa yake lissafawa a kan kowane kwando. A kan haka ake jibga kwando bisa kwando, na sama ya danne na ƙasa, zafi da gargadar hanya su ƙarasa aikin. Kafin a sauke, na ƙasan ya fashe, ruwansa na tsiyaya. Kowa ya cika ma'auninsa, amma an yi asara, kuma babu littafin da asarar ta shiga a matsayin gazawar wani. A ƙarshe farashin da ake taya wa manomi ne yake ɗaukar ta, abin da ya kamata ya dami duk mai nazarin wannan fanni.

Batun kiret ɗin roba a madadin kwando ya ƙara fito da matsalar fili. Ya fi kwando tsada, kuma dole a dawo da shi Arewa fanko. Duk wanda ke auna kuɗin sawu kaɗai zai ga kiret a matsayin ƙarin ɗawainiya. Wanda ke auna kuɗin da aka kashe a kan kowane kilo da ya isa lafiya kuwa, shi ne zai iya ganin ko tsadar ta biya kanta.

Ba kowane ma'auni ne ya dace da kayan gwari ba. Saurin jujjuyawar kaya a sito yana da ma'ana ga siminti ko sukari, amma tumatir ba ya zaman sito. Ma'aunai uku sun wadatar a nan: sa'o'in da suka wuce daga tsinka zuwa sauka a kasuwa, kason kayan da ya isa a matakin inganci na farko, da jimillar kuɗin kowane kilo mai kyau. Amfaninsu ya dogara ga sharuɗɗa uku, wato ƙungiyoyin manoma da na 'yan gwari da na masu motoci su amince da ma'anar "mai kyau" iri ɗaya, a riƙa auna kaya da sikeli wajen lodi da wajen sauka, kuma a ɗaura wani ɓangare na kuɗin mota da la'adar dillali a kan abin da ya isa lafiya.