Makro da faɗin layin tsaye a Excel: yadda ake magance alamar ####

Duk mai bin diddigin kasafin kuɗi ko sakamakon zaɓe a manhajar Excel ya san alamar ####, wadda kan bayyana a gurbin da ake sa ran ganin adadi. Alamar ba ta nufin adadin ya ɓace. Yana nan, faɗin layin tsaye ne kawai bai ishe shi ba.

Me ya sa take fitowa?

Excel kan bar doguwar kalma ta malala zuwa gurbin da ke kusa, ko ta ɓoye ƙarshenta. Amma ba ta yi wa lamba haka, domin yanke sifili uku daga adadi na iya mayar da tiriliyan ya koma biliyan a idon mai karatu.

Faɗin da layin tsaye ke zuwa da shi yakan kai haruffa 8.43. Kasafin kuɗin Najeriya na 2025, wato naira tiriliyan 54.99, idan aka rubuta shi cikakke yana da lambobi 14, ban da waƙafi. Idan an tsara gurbin a matsayin kuɗi ko lamba mai waƙafi, sai #### ta fito. Idan ba a tsara shi ba, Excel na taƙaita shi zuwa wani abu kamar 5.5E+13.

Manhajar kan faɗaɗa layin da kanta a lokacin shigar da lamba, matuƙar ba a taɓa daidaita faɗinsa da hannu ba. Matsalar ta fi tasowa a jadawalin da wani ya riga ya tsara, ko inda jimla ke ƙaruwa.

Yadda makro ke aiki

Makro jerin umarni ne da ake ajiyewa domin manhaja ta riƙa aiwatarwa da kanta. A Excel ana rubuta shi da yaren VBA, wanda Microsoft ya shigar cikinta a 1993. Ana latsa Alt da F11, a zaɓi sunan shafin da ake aiki a kai, sannan a rubuta:

Private Sub Worksheet_Change(ByVal Target As Range)
Target.EntireColumn.AutoFit
End Sub

Daga nan, duk gurbin da aka sauya, layinsa zai buɗe daidai da abu mafi tsawo da ke cikinsa. Sai dai wannan umarni ba ya motsawa idan sakamakon lissafi ne ya sauya da kansa. A irin wannan hali ana amfani da Worksheet_Calculate, a ambaci layukan da ake so, misali Columns("B:F").AutoFit.

Wajibi ne a adana fayil ɗin da tsarin .xlsm, domin .xlsx ba ya riƙe makro.

Abubuwan lura

Makron da ya sauya shafi yakan goge tarihin Undo, ta yadda Ctrl da Z ba za su dawo da kuskure ba. Haka kuma AutoFit ba ya la'akari da guraben da aka haɗe wuri guda, sannan dogon bayani na iya buɗe layi har ya cika fuskar kwamfuta. Don haka ya fi kyau a taƙaita umarnin ga layukan lambobi.

VBA ba ya aiki a Excel na wayar hannu ko na intanet. Tun 2022 kuma Microsoft ke toshe makro a fayilolin da aka sauko da su daga intanet, saboda masu kutse na ɓoye miyagun manhajoji a ciki.

Idan an faɗaɗa layin amma alamar ta ƙi tafiya, galibi kwanan wata ne ko lokaci ya fito ƙasa da sifili, kuma lissafin ne ke buƙatar gyara.

Ga aikin lokaci guda, ba sai da makro ba: latsa iyakar kan layin sau biyu, ko Alt, H, O, I a jere, ya wadatar.